Mece ce Hausar "sekula"?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Jiya a majalisarmu ana gardamar ko dimokuraɗiyya za ta zauna da gindinta a ƙasashen Musulmi, na ce Senegal ƙasa ce ta sekula. Wani dattijo ya tambayi ma'ana, wani matashi ya ce masa "ƙasa marar addini". Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "A'uzubillahi, ai wannan kafirci ne." Nan zancen ya mutu.

Ban ga laifin Baba ba, fassarar ce ta cuce mu. Wa zai kira Senegal marar addini? Musulmi sun haura kashi 90 cikin ɗari, duk shekara miliyoyi ke cika birnin Tuba don Magal, babban taron ɗariƙar Muridiyya, 'yan siyasa na zuwa gaida halifofin ɗariƙu. Amma Senghor, Kirista, ya mulke su daga 1960 zuwa 1980, kuma ƙuri'a ta miƙa wa 'yan adawa mulki a 2000 da 2012 da 2024, ba soja ba.

Matsalar ita ce abu biyu ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne irin na Senegal. Na biyun shi ne irin na Turkiyya: Ataturk ya rushe halifanci a 1924, aka cire Musulunci daga matsayin addinin ƙasa a 1928. Har a 1999 wata mata, Merve Kavakci, ta ci zaɓe ta shiga majalisa da ɗankwalinta, aka hana ta rantsuwa. Wannan kam korar addini ce daga hukuma, kuma haka ya kamata mu riƙa kiransa. Duk Musulmin da ya ƙi shi yana da hujja.

Kalmomin da na ji ana amfani da su ba su gamsar da ni ba. "Ba ruwan gwamnati da addini" ƙarya ce a wurinmu, tunda gwamnati ke shirya aikin hajji, ita ke ba da hutun Sallah da Kirsimeti. "Ilmaniyya" ta Larabawa sai wanda ya yi karatu, kuma ta riga ta yi baƙin jini a wa'azi. "Raba addini da siyasa" kuwa, mai jefa ƙuri'a ba ya barin imaninsa a gida.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma bai ambaci sekula ba. Sashe na 10 cewa kawai ya yi gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini ya zama na hukuma ba.

Don haka ga tawa: tsarin ba-fifiko, a kan ƙirar "'yan ba-ruwanmu". Hukuma ta san da addini, tana girmama shi, amma ba ta da ɗan lele. Senegal ƙasar ba-fifiko ce, kun ji yadda ya zauna a baki.

'Yan'uwa na Nijar, yaya gidajen rediyonku ke fassara "layisite", wato sekulanci da Faransanci? Juma'a zan koma wurin Baba da kalmar, ina so in tafi da taku ma.