Neman kalma: jijiyar da ke kai jinin hanji zuwa hanta

Mai shirin lafiya a rediyo, Gombe: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri kan ciwon hanta, ina neman sunan Hausa na jijiyar da likitoci ke kira fotal. Jinin hanji, tumbi da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye, wannan jijiya ce ke fara kai shi hanta a tace shi, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta ta nan yake bi.

Malamin Larabci, Dukku: Wa'alaikumussalam, Malama. Larabawa "alwaridul babi" suke cewa, asalin sunan a Latin ma ƙofa yake nufi. Ki ce jijiyar ƙofar hanta.

Ma'aikaciyar jinya, Azare: Allah ya gafarta Malam, ta wannan ƙofa ce jijiyar da ke kawo jini daga zuciya take shiga, bututun ruwan matsarmama kuma yake fita, don haka sunan bai bambanta su ba. Ban da haka, akwai irin wannan tsari tsakanin ƙasan ƙwaƙwalwa da ƙullin fituwitari (ɗan ƙullin da ke fitar da sinadaran daidaita ayyukan jiki), inda babu hanta. Ina ganin "jini mai ya da zango" ya fi ɗaukar ma'anar, tunda yakan tsaya a wata gaɓa kafin ya isa zuciya.

Tsohon malamin Hausa, Bauchi: 'Ya'yana, me ya kai mu aron ƙofa daga Larabci ko Latin? Jijiyoyi da yawa ne suke haɗuwa su zuba wuri guda, wannan kuwa mazurari ne. Mazurarin hanta na daɗe ina koya wa ɗalibaina.

Malamin Larabci: Baba, da za a cire aron Larabci daga Hausa, da "lafiya" da "ilimi" sun tafi.

Tsohon malamin Hausa: Ka fara ba mu dalili, ba fifikon harshe ba. Harshenmu bai gaza ba.

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah mu tuna da mara lafiya. Idan hanta ta ƙandare, jini yakan taru a wannan jijiya, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙoshi su fashe, mutum ya yi ta aman jini. Sunan da zai sa mai sauraro ya garzaya asibiti muke nema.

Mai shirin: Na gode. Zan ce jijiyar hanji zuwa hanta, in yi amfani da "ya da zango" wajen bayani.

Tsohon malamin Hausa: Bayani ne wannan, ba suna ba, 'yata. Ki yi shirinki, amma maganar mazurari tana nan.