Na ci piza a sabon shagon layinmu: dama haka take, ko ba ta gasu ba?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar gashi. Wani matashi da ƙannensa sun buɗe ɗan shagon piza a layinmu, nan Tarauni. Yara suka sa ni gaba, ranar Asabar bayan la'asar na kwashe su muka je. Ni ban taɓa ci ba sai ranar.

Shagon ƙarami ne, amma tsaf. Abin da ya ɗauke min hankali shi ne murhun: ginin bulo ne mai baki ɗaya, itace na ci a can gefe guda. A gabana yaron ya buɗa curin kwaɓin da yatsunsa, bai murza shi da komai ba, ya shafa markaɗen tumatir, ya zuba farin cuku da kaza da albasa da koren tattasai, ya zura da doguwar cebur. Kafin in gama zaunar da yara har ya fito da ita. Gefenta ya kumbura, da ɗigo-ɗigon baƙi, tsakiyar kuma taushi, in ka ɗaga yanki sai bakinsa ya lanƙwasa. Wallahi na ji daɗinta, musamman gefen nan mai ƙamshin hayaƙi.

To na kai wa maigida nasa kason bayan isha'i, ya ɗan gutsira ya ce an cuce mu, gefe ya ƙone tsakiya ɗanye. Abin ya tsaya min, don ba na so in ba yara ɗanyen ƙullu, kuma ba na so in ɓata sunan yaran mutane masu neman na kansu. Waye da gaskiya? Sannan akwai wata da suka rubuta pepperoni, na ƙi saya don ban san naman mene ne ba.

Habu Mai Burodi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yadda kika kwatanta, yaron nan ya san aikinsa. Irin gashin mutanen Napoli ne, garin da piza ta fito a kudancin Italiya. Murhunsu yana wuce digiri 400, piza ba ta yin fiye da minti ɗaya da rabi a ciki. Mu burodi a wajen digiri 200 muke gasa shi, shi ya sa yake daɗewa. Wutar nan mai ƙarfi ce take busa gefen ya tashi ta bar masa tabo, ko gurasar Jakara ai da tabonta take fitowa daga tanderu. In baƙin ya mamaye ko'ina har yana ɗaci, wannan ƙuna ce. Ɗigo nan da can kuwa ado ne.

Ga yadda za ki gane ɗanye: ɗaga yankin ki leƙa ƙasansa. In ya yi ja-ja da tabo, ta gasu. In fari ne fat, kuma kika ga wani layi mai danƙo a ƙarƙashin tumatirin yana manne wa haƙori, to ba ta ji wuta ba. Kwaɓinta ma ba irin namu ba ne, fulawa ce da ruwa da gishiri da yis kawai, ba sukari ba bota, a bar shi ya kwana yana tashi a hankali.

Shi kuma Alhaji ba laifinsa, daga la'asar zuwa isha'i ai ta mutu. Cukun ya daskare, ruwan tumatir ya jiƙa tsakiyar. Ki ja shi ku je ya ci da zafinta.

Anti Bilki:
Maman Sadiƙ kin kyauta da kika dakata. Pepperoni a Amurka yawanci haɗin naman alade ne da na shanu. A nan gida masu shaguna da dama na shanu zalla suke amfani da shi, amma kar ki tsaya a kan "yawanci". Ki ce ya nuna miki ledar da abin ya zo a ciki ki karanta da idonki, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Haka ma wadda ake sa wa abarba, da aka fara yi a Kanada a 1962, asalinta da naman alade ake haɗa ta, don haka ita ma a tambaya. Ni dai kaza ko tsire nake cewa a sa min, hankalina kwance.

Baban Walid:
Ni tsadar ce ta kore ni. Kuɗin babba guda ɗaya sai in yi cefanen wuni, kuma in na ci bayan awa biyu ina neman tuwo.

Anti Bilki:
Baban Walid ba ka yi ƙarya ba, ba abincin kullum ba ne. Amma ba son kai ne ya sa suke tsuga kuɗin ba, cukun ne. Mozzarella ake kiransa, kuma sai an tara madara wajen lita 10 kafin a samu kilo ɗaya, ga firji da ba ya son a ɗauke wuta. Alkamar fulawar ma yawancinta daga waje ake shigo da ita. Na taɓa gwada cukun Fulani, wanda ake daskarar da shi da tumfafiya, daɗi kam akwai, sai dai ba ya narkewa ko kaɗan, yadda kika yanka shi haka zai fito.

In ana son mai sauƙin kuɗi a ce Margherita: tumatir, cuku da ɗanyen ganye mai ƙamshi ɗan'uwan ɗoɗɗoya, shi ke nan. Ana ba da labarin cewa a 1889 aka sa mata sunan sarauniyar Italiya, ja da fari da kore irin launin tutarsu. Da ita nake auna shago, tunda babu tulin nama da zai ɓoye kwaɓin da bai yi ba.

Maman Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Na leƙa shagon ɗazu, yaron ya ɗauko min ledar da kansa, na shanu ne. Ya ce a wajen wani ɗan Lebanon ya koyi aikin. Malam Habu, ni da ba ni da irin murhun nan, akwai dabarar yi a gida?

Habu Mai Burodi:
Akwai Hajiya. Ki samu kasko mai kauri ki bar shi ya yi zafi sosai, ki shimfiɗa kwaɓin siriri ba mai, in ƙasan ya yi tabo ki juya. Sai ki rage wuta, ki shafa tumatir kaɗan, wanda kika riga kika dafa ruwansa ya tsane, ki zuba cuku ki rufe har ya narke. Nama kuwa ki dafa shi tukuna, don minti biyar a kasko ba zai gasa miki kaza ba.