Wai allura ta fi ƙwaya ƙarfi?

Alhaji Issa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan maganata ta jiya, allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Yaro na masassara ka kai shi likita, a miƙo maka 'yan ƙwayoyi a sallame ka? Ba a yi mishi aiki ba.

Maman Nafisa: Gaskiyarku Alhaji. Allura nan take ake jin ta a jiki.

Majo Rabi: Alhaji ku gafarce ni, sauri daban, ƙarfi daban. Ƙwaya in an haɗiye ta sai ta narke, hanji ya tsotse ta, ta bi ta hanta, sannan ta shiga jini. Shi ya sa farasitamol kan kai minti 30 kafin a ji sauƙi. Allurar jijiya kuwa cikin jini take zuba kai tsaye. Amma da zarar magani ya isa jini, aikinsa guda ne.

Alhaji Issa: To don mi ake yi wa masu ciwon sukari allura kullum?

Majo Rabi: Don insulin ciki narkar da shi yake kamar nama, in an sha ba ya kaiwa jini. Haka yaron da zazzaɓin sauro ya yi wa tsanani, yana suma ko jijjiga, ba ya iya haɗiya, dole a yi mishi allurar artesunate. Shi ma in ya farfaɗo, da ƙwayoyi ake ƙarasa mishi. Wanda ke ci yana sha kuwa, ƙwayar Coartem ta ishe shi: kwana 3, sau 6 gaba ɗaya, da nono ko abinci mai maiƙo.

Ɗan Tibiri: Ku bar ni in faɗi abin da ke cina. Ɗan yayata wani mai tallar magani ya soka mishi kinin a ɗuwawu, ya taɓa jijiyar ƙafa. Yau yaron jan ƙafa yake. Mu muka matsa sai allura, wallahi har gobe in na gan shi raina ɓaci yake.

Maman Nafisa: Innalillahi! Allah ya ba shi lafiya. Amma Majo, nawa yaran amayar da ƙwaya suke, ina amfaninta?

Alhaji Issa: Yauwa, nan nake jiran ki.

Majo Rabi: In ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi. In aman ya ƙi tsayawa, kada a kira mai allura gida, a ɗauko shi zuwa likita a ranar, ko da dare ne.