Neman shawara: gyaren ɗan ƙadangarena sun kusa ƙarewa, in koma ba shi farar daji?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke aiki a Duwala ya kawo wa ɗana tsarabar ɗan ƙadangaren nan mai gemu na Ostireliya, wanda masu sayarwa ke kira pogona. Ƙarami ne, har da wutsiya bai wuce tsawon biro ba. An haɗo shi da akwatin gilashi da fitila da wata roba cike da gyare masu rai. Gyaren sun kusa ƙarewa, kuma ban san mai sayar da su a nan Garwa ba. Ga shi damina ta ja baya, fara ta cika ko'ina. Yara sun ce za su riƙa kamo masa a gonakin bayan gari, uwargida kuma ta ce a sayo soyayyiya a kasuwa kowa ya huta. Wanne ya dace? Sau nawa ake ba shi a rana? Zogalen da na yanka masa ko kallo bai ishe shi ba.

Wani ɗan Yelwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ƙadangare fa ƙadangare ne. Jan gwadan da ke bangon gidanku wa yake ba shi abinci? Ka bar yara su kamo, ai motsa jiki ne ma a gare su.

Mai aikin lafiyar dabbobi, Ngaundare:
Ɗan'uwa na Yelwa, gaskiyarka ta fuska ɗaya, danginsu ɗaya da jan gwada. Amma na bango in ya ci abin da ya kashe shi, bayan kwata zai faɗa, ba wanda zai sani. Wannan kuwa na hannu ne, kuma yaro ya riga ya saka shi a rai.

Mai tambaya, kada ka yarda da farar gona. Ka fi ni sanin yankinku na auduga ne, ana feshin maganin ƙwari tun shuka na ƙarama. Farar da feshi ya taɓa ba nan take take mutuwa ba, tana tafiya a sanyaye, ita ce ma yara suka fi saurin kamawa. Ga tsutsar ciki da ƙwarin daji ke ɗauke da ita. Sannan yaro ba lallai ya bambance farar ci da farar tumfafiya ba, mai zanen rawaya ɗin nan, wadda ke tara dafin ganyen da take ci a jikinta. Mafi muni shi ne ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Guda ɗaya tal na iya kashe irin wannan ƙadangare, domin a inda ya fito bai san shi ba, ba ya gudunsa. Ka ja wa yara kunne sosai a kansa.

Sai maganar girma, wadda ta fi kashe ƙanana. Dubi kansa ta sama, ka ga tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu. Duk ƙwaron da ya fi wannan tazara tsawo ya yi masa yawa. Shi bai san haka ba, zai cafke ya haɗiye, sai abin ya toshe masa ciki, wani lokaci ka ga yana jan ƙafafun baya. Farar da ake kamowa yanzu ta ninka ƙarfinsa, ga ƙafafu masu ƙaya.

A wannan shekarun nasa a ba shi sau 2 ko 3 a rana, iya abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15. Ka bari ya sha ɗumi tukuna da safe, na yamma kuma ya zama saura aƙalla awa 2 a kashe fitila, don da zafi yake narkar da abinci. Wanda ya rage a kwashe. Gyare in ya kwana a akwatin yana cizonsa a wutsiya da gefen ido yana barci.

Hajiya mai kaji, Marwa:
Soyayyar fara dai tamu ce, mu da yaji da lemun tsami! Akwai mai, akwai gishiri, ba ta dace da shi ba. Ƙaramin ma sai abu ya motsa yake kai masa baki. Ka gaya wa uwargida ta saya muku ku ci.

Ɗana, kiwon gyare ba wuya, na yi wa 'yan tsakina. Ka samu roba mai zurfi mai santsi, ka rufe bakinta da ragar sauro, ka jera kwalin ƙwai a tsaye su samu wurin ɓuya. Abincinsu dusa ko abincin kaji, da yankan karas ko kabewa. Kada ka sa ruwa a buɗe, nutsewa suke yi, auduga za ka jiƙa a murfin kwalba. Ka ajiye ɗan gwangwani da yashi mai laima, a nan matan ke saka ƙwai. Da zafin ƙasarmu, cikin kamar sati 2 za ka ga 'ya'yan sun fito ƙanana kamar tururuwa, su ne daidai bakinsa. Kada ka ƙarar da waɗanda suka rage maka, ka ware manyan su zama iri. Abokin gabarka cinnaka ne, ka ɗora robar a kan tebur, ka sa ƙafafunsa cikin gwangwanin ruwa. Kukan dare kam sai haƙuri, ka kai su zaure.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. Manyan da suka rage ba su da yawa amma zan ware. To kafin su ƙyanƙyashe fa? Kyankyaso kam akwai shi a gida.

Mai aikin lafiyar dabbobi:
Kyankyason gida a'a, daga masai yake fitowa, kuma ana yi masa fesa. Ka ce wa ƙanenka ya koma wajen wanda ya sayar masa ya aiko maka da ƙananan gyare ta motar safa, a huda robar. Ka kuma tambayi masu kaji da masu kifi ko akwai mai kiwon tsutsar baƙin ƙuda, wanda ake kira ƙudan soja. Tana da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, fiye da gyare nesa ba kusa ba, ga taushi. Ba tsutsar bola nake nufi ba.

Tunda na ambaci kalsiyam: gyare kaɗai ba ya gina masa ƙashi, sinadarin fosfaras ya fi kalsiyam yawa a jikin gyaren. Kafin ka ba shi, zuba su a leda da ɗan garin kalsiyam, ka girgiza a hankali su yi fari-fari, sau ɗaya a rana, kusan kullum. In ba ka samu na kanti ba, dafa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka shi ya yi laushi kamar hoda. Kwana ɗaya kafin nan ka ƙosar da gyaren da zogale da karas, abin da ke cikinsu shi zai shiga cikinsa.

Kalsiyam ɗin kuma ba ya aiki sai da hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Duba fitilar da aka haɗo maka, in ba a rubuta UVB a jikinta ba, ta ɗumi ce kawai. Rashinsa ne ke sa haɓa ta yi laushi, ƙafafu su karkace, jiki na rawa.

Wani daga Injamena:
Ikon Allah, a Garwa ake neman fitilar rana? Ku fitar da shi tsakar gida mana.

Mai aikin lafiyar dabbobi:
Rana ta fi kowace fitila, musamman da yake wuta ba ta tsayawa. Amma ba a cikin akwatin gilashi ba. Gilashi yana tare hasken da ake nema, yana kuma tara zafi, cikin ɗan lokaci sai ya gasa shi. Keji na raga za a yi masa, rabi rana rabi inuwa, da hantsi, kuma mutum na kusa saboda kyanwa da shaho. A cikin akwati, wurin shan ɗuminsa ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen ya tsaya ƙasa da 30. A watan Maris da Afrilu samar masa sanyin ne zai zama aikinka. Kada ka shimfiɗa masa yashi yanzu, yana haɗiya tare da gyare, takarda ta isa.

Zogalen kuma ci gaba da sa masa kullum, yankakke ƙanana. Ƙarami ƙwari ya fi so, in ya girma ganye ne zai zama mafi yawan cimarsa. Ban da piya da albasa. Yaron ya riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa shi, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Mai tambaya:
Na duba fitilar, ba a rubuta komai ba sai wat 50. Gobe in sha Allahu zan kai wa kafinta awon kejin. Hajiya, yashin gwangwanin nan, na bakin Binuwai zai yi ko sai na tankaɗe?

Hajiya mai kaji:
Zai yi. Tankaɗe shi, ka zuba masa tafasasshen ruwa ya huce tukuna, saboda ƙwan wasu ƙwarin.