Zan zuba fandisho kafin damina, ina neman shawararku

Mai fili: Assalamu alaikum. Na samu fili a wajen Kumbotso, ɗaki uku da falo nake son yi, da bulo mai inci 9. Birkila ya ce zurfin ƙafa biyu ya isa, kuma buhun siminti ɗaya zai ci baro uku na yashi. Hankalina bai kwanta ba. Waɗanda suka riga mu, a taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Bar maganar zurfi tukuna, me ke ƙarƙashin filin? Tambayi dattawan unguwar ko tsohon kududdufi ne da aka cike da bola, don irinsu suna da yawa a Kano. Sa a haƙa ramin gwaji ka leƙa da idonka. In kun tarar da jar ƙasa mai tauri ko marmara, alhamdu lillahi. In kuwa baƙar laka ce, wadda ke dararrashewa da rani, to da damina kumbura take yi, rani ya zo ta motse, ita ke tsaga bango tun daga ƙasa. Wannan sai da rodi da zanen injiniya, kada ka yarda da kintace. Faɗin kankaren ya zama ninki uku na bulon, inci 27 ke nan, kauri kada ya gaza inci 6.

Baba Magini: Ɗana, baro uku ya yi yawa ƙwarai. Buhu mai kilo 50 kwanon gini biyu ne. Haɗin 1:2:4 shi ne buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Ka tsaya da kanka ka ƙirga ranar zubi. Ka kuma sa ido kan ruwa, yara suna son tsinka kwaɓi don shebur ya yi sauƙi, ƙarfin kankaren ke tafiya a nan. Yashin ma gwada shi kafin tifa ta juye: zuba a kwalba da ruwa, girgiza, ajiye. In laka ta kwanta da kauri a sama, mayar musu.

Hajiya: Don Allah a kula da ban ruwa. Namu an zuba da hunturu, aka bar shi haka iska na bugunsa, ko wata bai rufa ba sai ga tsaga kamar zare. Aƙalla kwana 7 safe da yamma, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ka shirya da 'yan garuwa tun yanzu.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya, sai kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da ake lissafi da shi.

Maƙwabci: Ka karɓi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin a sa diga. Ranar awo kuma kira masu iyaka da kai su shaida turakun.

Mai fili: Allah ya saka da alheri. Baba, ciko fa? Wani ya ce zai kawo mini ɓaraguzan rusau da araha.

Baba Magini: In babu leda da itace a ciki ba laifi, amma jar ƙasa ta fi kwanciya. A riƙa zubawa inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Kafin daɓen siminti a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda saboda danshi. Ka turo mana hoton ramin gwajin mu gani.