Wai da gaske ana zuba yumɓu a roba don ta ƙara ƙarfi?

Mai_Injin_Roba:
Salam 'yan uwa. Ina aiki a kamfanin buga bokiti da kujerun roba, abin da na sani shi ne in aka cika farar hodar kalsiyam ɗin nan don a rage kuɗi sai kaya su riƙa fashewa da wuri. To ga ƙanena da ke karanta polima (ilimin roba) a ABU yana ce min wai akwai yumɓun nano da ke ƙara wa roba ƙarfi har da jure zafi. Dan Allah ya abin yake?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam. Yaron bai yi ƙarya ba, sirrin a girman ƙwayar yake. Nanomita ɗaya shi ne ka kasa mita gida biliyan ka ɗau ɗaya, kaurin gashin kai ma ya kai wajen nanomita 80,000. Akwai yumɓu da ake cewa montimorilonait, shi falle-falle yake kamar takardun littafi, kowane falle kaurinsa kamar nanomita 1, in aka samu aka rarraba fallayen nan ɗai-ɗai cikin roba sai zaren robar ya manne musu ta ko'ina ya kasa motsi yadda ya saba. Masu binciken Toyota a Japan ne suka yi fice da shi wajen ƙarshen shekarun 1980, da wata roba da ake kira nailan 6. Yumɓun bai wuce kashi 5 cikin 100 ba amma zafin da robar ke fara lanƙwashewa ya tashi daga wajen digiri 65 zuwa kusan 150, har suka yi murfin bel ɗin taimin na mota da ita. Hodarku kuwa ƙwayarta manya ce, cike gurbi take yi.

Kanikawa:
Ai mu ma muna taɓa nano kullum ba mu sani ba lol. Baƙin taya ba fenti ba ne, garin kabon ne mai ƙanƙantar gaske, shi ke hana ta saurin cinyewa a kwalta.

Maman_Lab:
Malam ka manta maganar iska. Fallayen na tare mata hanya sai ta yi ta zagaye kafin ta ratsa, shi ya sa ake sa shi a wasu kwalaben roba na abin sha don kar gas ya gudu, kamfanin kayan wasanni na Wilson ma sun yi ƙwallon tanis da irin wannan shafi a ciki. Amma mai tambaya kar ka je ka kwaso laka ka zuba a inji fa! Yumɓu ruwa yake so, roba kuma ba ta shiri da ruwa, sai an fara gyara fuskarsa da sinadari, in ba haka ba dunƙulewa zai yi ka koma matsalar hodarka. Kuma robar bokiti ta fi nailan gardama wajen karɓarsa.

Mai_Injin_Roba:
Na gode sosai Malam, na gode Hajiya. To irin injinmu mai sukuru ɗaya (ƙarfen da ke juyawa yana tura narkakkiyar roba) zai iya garwaya shi ko dole sai mai sukuru biyu?