Neman shawara: Karen jagoran maigidana da rigimar gidan haya a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana.

Muna zaune a jihar Ohayo, ni da maigidana da yara uku, a wani rukunin gidajen haya da kamfani ke kula da shi. Shekara uku ke nan ciwon suga ya taɓa masa ido, yanzu in ban da haske da duhu ba abin da yake bambancewa. Ya koyi tafiya da farar sanda, amma in ƙanƙara ta sauka abin ya fi ƙarfinsa. Babban ɗanmu mai shekara 11 shi ya zama ɗan jagora. Bara suka zame tare a bakin titi, yaron ya fasa leɓe, ya shigo gida yana toshe jinin da hannun riga, wai kada in yi magana Babansa ya ji.

Yanzu wata makarantar horar da karnukan jagora ta karɓe shi, wata mai zuwa zai tafi a saba su da juna. Na je ofishin masu gida, matar ta zaro yarjejeniya ta nuna mini inda aka rubuta ba a ajiye dabba. Da na matsa sai ta ce to mu ba da dala 400 kuɗin ajiya, da dala 50 duk wata, mu kuma kawo satifiket ɗin karen. Ga Hajiya surukata a Kano ta rantse muddin kare ya kwana a gidan ba za ta sake tako mana ba, mala'iku sun ƙaura. Ni kaina tunda nake ban taɓa shafa kare ba. Mu biya ne, ko mu tashi, ko mu haƙura da karen?

Baban Ilham: Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa kada ki biya ko sisi. Akwai dokar gidaje ta tarayya, Fair Housing Act, ta 1968, wadda a 1988 aka shigar da masu naƙasa cikinta. A idon wannan doka karen jagora ba dabbar sha'awa ba ce, kayan aiki ne kamar keken guragu. Sharaɗin "ba a ajiye dabba" bai hau kansa ba, kuma ba a karɓar kuɗin ajiya ko na wata saboda shi. Abin da ke kanku kawai, in ya yi ɓarna, ya yage kafet ko ya kankare ƙofa, ku biya gyara, sannan ku yi masa allurai da rajistar da garinku ke nema ga kowane kare. Wanda dokar tarayya ta ɗaga wa ƙafa shi ne irin mai gidan da yake zaune a cikin ginin, kuma sassan ginin ba su wuce huɗu ba. Ku kuwa kamfani ne.

Kuskurenki ɗaya, da baki kika yi maganar. Ku rubuta musu imel da sunan maigida, ku ce yana neman sassauci saboda lalurar gani, zai zauna da karen jagora daga rana kaza. Ki adana amsarsu. In suka ƙi, kuna da shekara ɗaya ku kai ƙara hukumar gidaje ta HUD, kyauta ne, kuma haramun ne su kore ku don kun kai. Sau da yawa ma'aikaciyar ofis ce ba ta san dokar ba, da takarda ta isa sama sai murya ta sauya.

Ummu Sultan: Ki saya musu satifiket ɗin a intanet mana ki huta. Maƙwabciyata ta yi wa kyanwarta, ko dala 100 bai kai ba.

Baban Ilham: Ummu Sultan, wannan cin kuɗi ne kawai. Gwamnatin Amurka ba ta da wata rajista ta karnukan aiki. Kuma abu uku ake cakuɗawa. Akwai karen aiki da aka horar ya yi wa mai naƙasa wani abu takamaimai, shi dokar kare haƙƙin masu naƙasa, ADA, ta 1990 ta ba shi damar shiga kanti da gidan abinci da bas. Akwai dabbar kwantar da hankali, irin ta maƙwabciyarki, wadda ake nema wa takardar likita don zaman gida, amma ba ta da ikon shiga kanti, tun 2021 ma ba dole ba ne jiragen sama su ɗauke ta a wannan matsayi. Sai karen da ake zagayawa da shi asibiti da gidan tsofaffi don ɗebe kewa, shi ba shi da wata alfarma a gidan haya. Mutumin da makantarsa a fili take ba a ma tambayarsa takardar likita.

Abu Hafsa: Ni dai ina bayan Hajiya Babba. Hadisi ya zo cewa mai ajiye kare ladansa na raguwa kullum. A ci gaba da sanda, Allah zai dafa.

Malam Na-Zariya: Abu Hafsa, ka ƙarasa hadisin: in ban da karen farauta, da na kiwo, da na gona. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin sauran buƙatu a kan waɗannan. In an halatta kare don tsaron tumaki, ina ga tsaron ran mutum a bakin titi? A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. An ruwaito Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamanin nan da zaki zai ajiye. 'Yar uwa, ku ware masa kusurwarsa da kwanonsa, ɗakin salla a rufe. Kuma kada ke ki ja da surukarki. Ku samo malamin da take jin maganarsa a Kano ya je ya gaishe ta.

Aunty Bilki, Ingila: A nan Leicester tun 2008 wani masallaci ya amince wani matashi makaho ya riƙa zuwa da karensa, aka tanadar wa karen wurin jira, ba ya shiga inda ake salla. Ku yi wa limaminku magana tun kafin ya iso. Ki kuma ja wa yara kunne, in yana sanye da ragamar aiki ba a shafa shi, ba a miƙa masa abinci. Tsoronki kuma sati biyu ne, galibi irin karnukan da ake kira Labrador ake bayarwa, sun fi wasu mutanen natsuwa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Mun tura imel ɗin daren jiya, da safen nan manajan ya kira da kansa ya ce "an samu rashin fahimta", na ce ya rubuto mana hakan. Saura Hajiya. Malam Na-Zariya, ƙanin mahaifinta limami ne, sai dai shi ma ban san ra'ayinsa ba. Maigida ne ya kamata ya fara kiransa, ko yayansu da ke can ya je da ƙafa?